Fodkas: Tangaran ɗin da wutar lantarki ka sauya ma siffa

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, daga nan Sakkwato birnin Shehu, ni da Hajara da Malam Bello. Malam ka ce yau zancen tangaran za mu yi, na jere ko?

Malam Bello: Haha a'a, wanga sunanshi PZT, dalma da zakoniyam da taitaniyam da oksijin anka gasa wuri guda. Yana cikin laitar da kake dannawa ta yi ƙas ba batir, yana bakin na'urar sikanin masu ciki. In ka matse shi ya ba da wuta, in ka ba shi wuta ya motsa. Pierre Curie da wanshi Jacques sunka gano halin ga a Faransa 1880, da dutsen kwaz, shi PZT sai bayan 1950.

Hajara: To Malam mi ka motsi cikin abu mai tauri haka?

Malam Bello: Atom ɗin da kansu. Ginin kiristal ɗin ɗan akwati ne, dalma a kusurwa 8, oksijin a fuska 6, taitaniyam ko zakoniyam a tsakiya. In da zafi ƙwarai akwatin daidai yake ta ko'ina, da ya huce sai na tsakiyar ya goce gefe kaɗan, akwatin ya ƙara tsawo ta can, gefe ɗaya ya zan fozitif ɗayan negatif. To amma sabon gashi bai aikin komai, don akwatunan rukuni-rukuni suke, wanga ya fuskanci gabas wancan arewa, duk suna kashe juna.

Nasiru: Kenan sai an daidaita sahu.

Malam Bello: Wallahi haka ne! A tsoma shi cikin mai mai zafi a saka mashi wuta ta bolt dubbai a kowace milimita, sai rukunan su juyo wajen da wutar ta nuna, kuma ko an cire wutar mafi yawa ba su komawa. Nan ne abin ka burge ni, wanda ya juya digiri 180 tsawonshi bai canzawa, kai da ƙafa kawai ya musanya, amma wanda ya juya 90 ya kwashe tsawonshi daga kwance ya mai da tsaye, sai gaba ɗaya tangaran ɗin ya miƙe.

Hajara: Har a gani da ido?

Malam Bello: Ina! Wajen kashi 1 cikin 1000 na tsawonshi ne, sai dai yana iya yin shi sau miliyoyi a daƙiƙa, sautin sikanin kenan.

Nasiru: Zafin Afrilun garin ga bai wargaza sahun?

Malam Bello: Namu 40 da ɗoriya ne Nasiru, wasu nau'in PZT sai sun wuce 300 kafin akwatin ya koma daidai.

Hajara: Ni dalmar ta tsaya min a rai, ba mu manta Anka da Bukkuyum ba a 2010, yara ɗaruruwa gubar dalma ta kashe.

Malam Bello: Gaskiyarki, fiye da rabin nauyinshi dalma ce, ko da yake a ɗaure take cikin gashin, ba ƙura ba ce irin ta masu daka dutsen zinare. Shi ya sa aka ta bincike kan marar dalma, na fotashiyam da sodiyam da nayobiyam, amma har yau PZT ad da kasuwa.

Nasiru: Mu ɗan je talla mu dawo da saƙonninku na WhatsApp.