Amsoshin Tambayoyinku: Masu Sauraron Kwaɗi a Bakin Kududdufi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wani malamin firamare take a Bukuru. Ya ce ya ji ana aikin sa-kai na lura da kwaɗi, shin ana biya, kuma ta yaya ake ƙirga abin da ba ya zama wuri ɗaya?

Malam, kuɗi dai babu. Ƙirgar kuma da kunne ake yin ta. Namijin kwaɗo ne ke kuka yana kiran mace, kuma kowane iri da muryarsa. A Amurka akwai shirin FrogWatch da aka fara a 1998, tsarinsa kuma zai yi aiki a nan Jos. Bayan faɗuwar rana da minti 30, wato an idar da Magariba ke nan, sai ka je bakin ruwa ka natsu, ka saurara minti 3 cif. In shiru ne ka rubuta 0. In ɗai-ɗai suke kuka da tazara, 1. In muryoyin na hawa kan juna amma kana iya rarrabewa, 2. In sun cika wuri har ba ka jin na kusa da kai, 3. Ka haɗa da kwanan wata da ko an yi ruwa ranar.

Abin da mutane ke raina shi ne wannan 0 ɗin. Kada ka ce yau ban ji komai ba, ba sai na rubuta ba. Kududdufin da bara a watan Yuni ya kai 3, bana a watan Yuni ya koma shiru, ai magana ya yi maka. Shi ya sa kududdufi ɗaya za ka riƙe, ka riƙa koma masa tun daga ruwan farko na Afrilu har Oktoba.

Wata Hajiya daga Unguwar Rogo cewa ta yi, kwaɗo dai ƙazanta ne, ina ruwanmu da shi?

Hajiya, da ruwanmu. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake wani ɓangare na numfashi. Maganin feshin masu lambu ko baƙin man masu wankin mota in ya gangara ruwa, shi yake fara taɓawa, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan kabeji da karas ɗin da muke saye. Binciken duniya na 2023 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗi na fuskantar barazanar ƙarewa. Ga kuma burduddugi da ake kamawa a Arewa, a busar, a kai kasuwannin kudu.

Ɗanmu na Rayfield da ke tambayar ko ya kamo su ya ɗauki hoto: a'a. Naɗi kukan da wayarka, ka ɗora a manhajar iNaturalist, masana za su taya ka gane irinsa. Kuma tsoffin ramukan haƙar kuzan nan da suka cika da ruwa zurfi gare su, sun ci mutane ba ɗaya ba. Ka tafi da aboki da tocila, ka tsaya nesa da gaɓa.