Kwamfutar da sai an taɓa ta take farkawa: inda ƙararrawar agogo ke ɓacewa

Ku kalli allon nan da kyau. Na'urar tana ta aikinta lafiya lau, sai ga ta ta sandare. Ba saƙon kuskure, ba komai. Yanzu bari a danna maɓalli ɗaya kacal. Kun gani? Ta farfaɗo kamar ba abin da ya faru.

Da yawa daga masu koyon rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa wani ɓangaren kwamfuta, da sun ga haka sai su hau binciken direban allon rubutu. Ba ruwansa. Maɓallin tashin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) kawai ya yi daga barci. Ƙararrawar da ya kamata ta tashe ta ce ba ta kaɗa ba.

A taƙaice: cikin kwamfuta akwai guntun agogo mai ƙirge ba dare ba rana, lokaci-lokaci yana katse furosesa ya ce mata lokaci ya yi, wannan ita ake kira katsewa. Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake haka, da guntun 8253. A da kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kan sa shi ya riƙa kaɗawa sau 100, ko 250, ko 1000 a daƙiƙa, ko da aiki ko babu. Daga sigar 2.6.21 a 2007 aka ba kanel damar ta ce: tashe ni sau ɗaya a lokaci kaza, kafin nan a bar ni. Batir ya huta, amma nauyin saita kowace ƙararrawa ya koma kan direba.

Kurakurai biyun da kowa ya sani, mu wuce su da sauri. Ka manta goge tutar katsewa, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa ba tsayawa. Ka kira abin da ke barci a cikin mai karɓar katsewa, kanel ta yi maka ihu nan take. Waɗannan suna da hayaniya, shi ya sa kama su ba wuya. Wanda ya kawo mu yau shiru yake yi.

To, a nutsu a nan. Direba yana yin abu uku: ya karanta ƙirge, ya ƙara tazara, ya rubuta jimillar a rejistar kwatance, wato gurbin da agogo ke dubawa don sanin lokacin kaɗawa. Ga lambobin a allo. Ƙirge yana 5000. Mun ƙara 100. Za mu rubuta 5100. Amma fa agogo bai tsaya jiranmu ba. Tsakanin karantawa da rubutawa wani abu ya riƙe furosesa, kafin rubutunmu ya isa, ƙirge ya kai 5130.

Mai kallo zai ce, ai tunda lokaci ya wuce sai ta kaɗa nan take. A nan ne ake faɗawa rami. Agogo irin HPET, wani guntun agogo da ke cikin kwamfutocin PC, ba ya tambayar ko an wuce, tambayarsa ita ce ko an yi daidai. Kamar ka saita agogon tashi ƙarfe bakwai, alhali bakwai ta gota da minti ɗaya. Ba zai yi ƙara ba sai ya zagayo. Ƙirge mai bit 32 da ke gudu wajen sau miliyan 14.3 a daƙiƙa, zagayowarsa kusan minti biyar ce. Minti biyar furosesa tana jiran kiran da ba ya tafe.

Wani zai ce a rufe katsewa yayin saitin. Ai a rufe take. Manhajar da ke cikin allon uwa tana iya ƙwace furosesa ta hanyar wata katsewa ta musamman mai suna SMI ba tare da kanel ta sani ba, haka ma idan a kwamfutar kwaikwayo kake gudu, wato wadda ke aiki a cikin wata kwamfutar, mai masaukin na iya dakatar da kai.

Gyaran layi uku ne, ga su. Bayan ka rubuta, sake karanta ƙirge. Debe shi daga abin da ka rubuta, ka ɗauki sakamakon a matsayin lamba mai iya zama ƙasa da sifiri, don kada zagayowar ƙirge ta ruɗe ka. In ya nuna an wuce, ko saura ƙiris, mayar da ‑ETIME, wato amsar da ke nufin lokaci ya wuce, kanel za ta sake gwadawa. Direban HPET na Linux haka yake yi, har ya bar ratar bugu 128 saboda wasu guntayen suna jinkirin karɓar rubutun. Kuma ka faɗa wa kanel gaskiyar mafi ƙanƙantar tazarar da guntunka zai iya ɗauka.

Ni dai ban yarda da masu ƙara tazara kawai su ce sun gyara ba. Sun rage yawan faruwarsa ne, wata rana zai dawo a hannun mai amfani, inda ba mai bincike. Agogon da ke cikin furosesoshin ARM na zamani yana burge ni a nan, domin shi "an kai ko an wuce" yake dubawa.

Wajen gwaji, kada ka cika wurin da printk, umarnin da ke fitar da saƙo daga kanel, domin yana sauya tafiyar lokaci, kuskuren ya ɓuya. Sa jinkiri da gangan tsakanin karantawa da rubutawa, ka buɗe /proc/interrupts, fayil ɗin da ke nuna yawan katsewar da aka samu. Ga tsohon direba: lambar ta tsaya cik. Ga wanda aka gyara, da jinkirin nan dai a cikinsa: ku dube ta, tana ta hawa.