Tukunyar Nukiliya ta Kwabenya da Aikin Mai Kula da Kwamfutoci

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Ina yi muku magana ne daga bakin titin da ya taso daga Atomic Junction ya ratsa Haatso ya nufi Kwabenya, a arewacin birnin Accra, kuma harabar da kuke hange a bayana ta Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana ce. Ba zan shiga da kyamara ba, domin wuri irin wannan ba a ɗaukar hoto a cikinsa sai da izini. Abin da ya kawo ni shi ne tambayar da matasan Nima da Maamobi da Madina suke yawan yi mini tun da suka san cewa aikina shugabancin sashen kwamfuta ne, wato wanda ya karanci kwamfuta, in ban da banki da kamfanin waya, ina kuma zai dosa.

Shugaba Kwame Nkrumah ne ya kafa wannan hukuma a 1963, sannan a watan Nuwamba na 1964 ya aza harsashin ginin tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake fasa ƙwayoyin yuraniyom a cikinta, wadda aka shirya kawowa daga Tarayyar Soviet, amma juyin mulkin Fabrairun 1966 ya dakatar da aikin. Sai a watan Disamba na 1994 aka kunna wata ƙaramar tukunya ƙirar ƙasar Sin, wadda ake kira GHARR-1, mai ƙarfin kilowat 30. Wannan ƙarfi na zafi ne kawai, kuma ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunnawa a Accra. Aikinta bincike ne. Ana ɗaukar ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci, a ƙulle shi cikin ƙaramin mazubin roba, a hura shi da iska ta cikin bututu zuwa kusa da zuciyar tukunyar, ƙwayoyin niyutiron su buge shi, sannan a auna hasken da yake fitarwa a gane sinadaran da ke cikinsa, har da guba irin su makuri da asenik, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ta ɓata koguna. Ni da na taso a Zariya na san tagwaitarta, domin irinta ce ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004.

Hikimar ƙirar ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Zuciyar tukunyar, inda sandunan yuraniyom suke jere, ba ta kai girman bokitin wanka ba. An kewaye ta da ƙarfen beriliyom wanda ke maido da niyutiron ɗin da ke ƙoƙarin tserewa, an nutsar da ita cikin ruwa mai zurfi, kuma sanda ɗaya tak ta kadmiyom ce ke shanye niyutiron idan ana son a rage wuta ko a kashe. Ruwan nan ayyuka biyu yake yi: yana ɗauke zafi, kuma yana rage gudun niyutiron, domin sai gudunsu ya ragu suke iya fasa ƙwayar yuraniyom da kyau. Idan zafi ya yi yawa, ruwan yakan saki, kaurinsa ya ragu, ya kasa rage gudun niyutiron yadda ya kamata, sai ƙarfin tukunyar ya sauka da kansa ba tare da wani ya taɓa maɓalli ba. Injiniyoyin Kanada ne suka fara fito da wannan tsari a tukunyarsu mai suna SLOWPOKE, Sinawa kuma suka ɗora a kai. A 2017 an cire tsohon makamashin da aka tace zuwa kashi 90 cikin 100, irin wanda ake tsoron a karkatar da shi zuwa ƙera makami, aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa na kashi 13 cikin 100. Ghana ce ta fara yin wannan sauyi a wajen ƙasar Sin, Zariya ta biyo baya a 2018.

Wannan tunani, na barin ɗabi'ar ruwa da zafi ta yi gadin tukunya, shi ne ginshiƙin sababbin ƙirƙire-ƙirƙire. A Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011, tukwanen sun kashe kansu lokacin girgizar ƙasa, amma ambaliyar teku ta cinye injinan lantarki na ko-ta-kwana, famfunan sanyaya suka tsaya, ragowar zafi ya narkar da makamashin. Don kauce wa irin wannan haɗari ne ƙananan tukwanen kamfanin NuScale na Amurka, masu ba da megawat 77 kowace ɗaya, aka ƙera su babu famfo a cikinsu: ruwa mai zafi yana hawa sama, mai sanyi yana gangarowa, kuma dukan tukunyar tana zaune cikin babban tafki. Sinawa kuma sun bi wata hanya a Shidaowan, inda makamashin yake cikin dunƙulallun ƙwallaye masu jure matsanancin zafi, ana sanyaya su da iskar hiliyom, tashar ta fara aikin kasuwanci a ƙarshen 2023.

Ghana na son shiga wannan sahu, kuma duk wanda ya sha duhun dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, a 2015 ya san dalili, tunda madatsun Akosombo da Kpong da Bui sun daina wadatar da ƙasa. Kamfanin Nuclear Power Ghana ya zaɓi Nsuban a Yankin Yamma a matsayin wurin da ya fi so, kuma a watan Agustan 2024 an sa hannu a Nairobi kan yarjejeniyar da ta shafi tukwanen NuScale. Sai dai ni ba na cikin masu guɗa tun yanzu. Aikin farko da aka shirya yi da wannan ƙira a jihar Idaho an soke shi a watan Nuwamba na 2023 bayan kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, kuma har yau tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke ba da lantarkin nukiliya a nahiyarmu, sai Masar da ke gina El Dabaa. Abin takaici ne cewa tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit ta Nijar, amma fitilun wasu ƙasashe yake haskawa.

To, ina mai kwamfuta ya shigo? A farkon 2025 an buɗe ɗakin kwaikwayon sarrafa tashar NuScale a Makarantar Nazarin Kimiyyar Nukiliya da ke nan harabar, wadda hukumar ke gudanarwa tare da Jami'ar Ghana, kuma abin da ke cikinsa allunan kwamfuta ne da manhaja. Tashar zamani da su ake ganin zafi da matsin ruwa, da su ake buɗe bawul a rufe. Injiniyoyi sun yi ƙoƙari sun rage dogaro da famfo, amma dogaro da kwamfuta ƙaruwa ya yi. A watan Janairun 2003 muguwar manhajar Slammer ta shiga tashar Davis-Besse a jihar Ohio ta hanyar layin wani ɗan kwangila wanda ya kewaye katangar tsaro, ta kashe allon lura da lafiyar tashar na kusan awa 5, sa'a ɗaya ita ce tashar tana rufe a lokacin. A 2010 aka gano Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, an kuma tsara ta ne ta yaɗu ta filash don ta kai ga kwamfutocin da ba su haɗe da intanet. A 2019 hukumomin Indiya sun amsa cewa an samu muguwar manhaja a kwamfutocin ofis na tashar Kudankulam. Ƙofar da aka bi a waɗannan lamura duk tana hannun mai kula da kwamfutoci ne: layin da ba a san da shi ba, manhajar da ba a sabunta ba, na'urar da aka soka ba izini.

Ku dubi wannan ɗan jan roba da ke tafin hannuna. Toshiya ce da ake cusawa a ramin filash na kwamfuta, kuma ba ta fita sai da ɗan makullinta. A wurin aikina, wanda ba na nukiliya ba ne amma yana da injina, duk kwamfutar da ke sarrafa inji tana da ita. Wani yaro ɗan Nima da ke bautar ƙasa a sashenmu ya taɓa ce mini, "Yaya, caji kawai zan sa wa wayata, minti biyar." Na ce masa, "Ƙanena, wayarka ta kwana tana sauke abubuwa daga intanet, injin nan kuwa bai taɓa ganin intanet ba, ga soket can a bango." Kashi mafi girma na aikin shugaban sashe ke nan, kuma ba shi da armashi a ido. Dole ya san kowace na'ura da ke ƙarƙashinsa da lambarta da wanda ke da kalmar sirrinta, ya raba hanyar sadarwar ofis da ta injina, ya tabbatar babu canjin da za a yi sai an rubuta shi an gwada an sa hannu, ya karanta takardun 'yan kwangila layi-layi, sannan ya iya zama gaban manyan da ba su san kwamfuta ba ya kare kasafin kuɗinsa cikin harshen da za su fahimta. A ofis, idan kwamfuta ta maƙale a kan ce kashe ka kunna. A ɗakin sarrafa inji ba a yin haka, kuma na'urar da aka girka tana iya yin shekara 20 tana aiki, don haka ko sabunta manhaja sai an jira lokacin da aka tsayar da injin.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Digiri a kimiyyar kwamfuta ko injiniyan lantarki daga Jami'ar Ghana da ke Legon ko jami'ar KNUST ta Kumasi tushe ne mai kyau, kuma Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da ke nan Accra tana ba da gajerun kwasa-kwasai. Daga nan mutum ya fara daga teburin gyara matsalolin ma'aikata, ya nemi shaidar CCNA don sanin hanyoyin sadarwa, da ITIL don tsarin gudanarwa, sai CISM ta shugabancin tsaron kwamfuta wadda ke buƙatar shekara 5 na gogewa, ya kuma karanci ƙa'idojin IEC 62443 na tsaron injinan masana'antu, waɗanda a ganina matasanmu suka fi yin sakaci da su saboda hankalin kowa ya tafi kan ƙirƙirar manhajar waya. Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta ɗora wa masu muhimman cibiyoyi, har da na makamashi, nauyin kare kwamfutocinsu, kuma dokar 2015 ta kafa hukuma mai zaman kanta da ke sa ido kan harkar nukiliya. Irin waɗannan wurare sukan binciki tarihin mutum kafin su ɗauke shi, saboda haka wanda ya taɓa sa hannu a damfarar intanet ya rufe wa kansa ƙofa.

Ko tashar Nsuban ta yi jinkiri, wannan ilimi yana da kasuwa a yau a hukumar VRA mai samar da lantarki da kamfanin GRIDCo mai dakonsa da tashar jiragen ruwa ta Tema da ma'adinan Obuasi da Tarkwa, domin injinansu ma kwamfuta ce ke juya su. Wanda ya samu gurbin bautar ƙasa a ɗaya daga cikinsu, ya roƙi shugabansa tun makon farko ya ba shi aikin ƙirga na'urori da sabunta rajistarsu, aikin da kowa ke gudu, domin ta nan ne zai san inda kowace waya ta fito da inda ta nufa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.