Jawabin Maraba ga Shehin Malamin Ilimin Falaki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe Shehin Malami, babban baƙonmu. Iyayenmu hakimai da dagatai. Malamai da ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin wannan makaranta, ina yi maka barka da zuwa Katsina ta Dikko ɗakin kara, garin da Malam Muhammadu al-Katsinawi ya fito, masanin lissafi da falaki wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Mun gayyato ka ne kan tambayar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: mene ne rabon manyan duniyoyi wajen sa ƙaramar duniya mai duwatsu irin tamu ta zaunu? Mushtari (Jupiter), mafi girma cikin duniyoyin da ke kewaya rana, ya ninka duniyarmu nauyi kusan sau 318, kuma an daɗe ana kiransa garkuwarmu, musamman bayan Yulin 1994, lokacin da gutsattsarin tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 suka faɗa masa. Sai dai ƙarfin jan nan nasa da ke kawar da wasu duwatsun sama, shi ne kuma ke fizgo wasu daga tsakaninsa da duniyar Mirrihi (Mars) ya turo su wajenmu. A ganina wannan ne ya fi cancantar ɗalibanmu su tsaya a kai, domin masana da dama na ganin cewa irin waɗannan duwatsu ne suka kawo wani kaso na ruwan da muke sha.

Batun ya shafi damina ma. Jan da Mushtari da sauran duniyoyi ke yi wa tamu yana sauya siffar hanyar da take kewaya rana a cikin dubban shekaru, kuma wannan sauyi na da hannu a ƙarfin ruwan saman Afirka. Shekaru 7,000 da suka wuce akwai ciyayi da tafkuna a Sahara.

A 1995 masana falaki Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwar duniya da ke kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu kacal saboda tana dab da shi, alamar cewa irin waɗannan ƙatti suna ƙaura daga inda suka samu, su hargitsa falakin ƙananan da ke kan hanyarsu. Muna roƙon ka bayyana mana abin da ya tsayar da namu Mushtarin nesa da rana, da rawar da Zuhal (Saturn), ƙaton da ke bayansa, ya taka a ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, ɗalibai na sauraronka.