Katin izini da yajin aiki: Falasɗinu a idon 'yan gurguzu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk sanda aka ambaci Falasɗinu a majalisunmu, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne Masallacin Ƙudus, sai kuma yaran Gaza da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Dole ma hakan ta kasance. To amma yau ta wata ƙofar nake so mu shiga, ƙofar da leburori ke bi da asuba.

Kafin watan Oktoban 2023, a shingen Eyal da ke bakin garin Ƙalƙiliya, ko shingen nan da ake kira 300 a Baitalami, tun ƙarfe uku na dare layi yake kafuwa. Birkiloli ne da kafintoci da masu fenti da masu ɗaurin rodi, kowa riƙe da 'yar ledar gurasarsa. Masu shayi da gahawa sun riga kowa kafa tebur. Daga nan sai a shiga wani dogon lungu na ƙarafa, a matse kamar an cusa awaki a mota, har wasu samari kan dafe ƙarafan su bi ta saman kawunan jama'a. Wanda ya samu ya tsallaka sai ya shimfiɗa kwali a gefen titi ya yi sallar asuba kafin motar ɗan kwangila ta iso. Sama da mutum 150,000 ne daga Gaɓar Yamma ke aiki a Isra'ila da matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a lokacin, ga kuma wasu kimanin 18,500 daga Zirin Gaza. A cikinsu har da waɗanda ke ɗora bulo a kan gonar da aka ƙwace wa ƙauyensu. Abin da kowannensu ke tattali fiye da kuɗin aljihunsa shi ne katin izinin shiga.

Masu ra'ayin gurguzu a Falasɗinu cewa suke yi, in kana son ka gane mamaya, karɓi katin nan ka jujjuya shi. Wa ya bayar da shi? Wa ke da ikon soke shi? Wa ke cin riba a kansa? Ba su musanta darajar Ƙudus ba, amma a wurinsu tushen rigimar ƙasa ce da gumi: wa ya mallaki gona, wa ke yi wa wa aiki.

Wannan ra'ayi ba jiya aka fara shi ba. A birnin Haifa aka haife shi, a zamanin mulkin Turawan Ingila, a tashar jirgin ruwa da garejin gyaran jirgin ƙasa. A can aka kafa Histadrut a 1920, wato uwar ƙungiyar ƙwadago ta Yahudawa, wadda ta riƙe aƙidar cewa aikin da ke hannun Bayahude sai Bayahude. 'Yan ƙungiyar har zaman dirshan suka riƙa yi a bakin gonakin lemo don hana a ɗauki Larabawa. Sai a 1959 aka amince Balarabe ya zama cikakken ɗan ƙungiya. A Haifan dai, a 1925, ma'aikatan jirgin ƙasa Larabawa suka kafa tasu ƙungiyar. A tsakiya kuma ga 'yar ƙaramar jam'iyyar kwaminis da ke ta fafutukar haɗa ɓangarorin biyu a inuwa ɗaya.

Sun ma ɗanɗana nasara. A watan Afrilun 1946, dubban ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa da akawunan gwamnati, Larabawa da Yahudawa, suka tsunduma yajin aiki tare, har sai da Turawa suka sauko suka ƙara albashi. Amma abin bai yi ƙarko ba. A Satumban 1947 aka bindige Sami Taha, jagoran ƙungiyar ma'aikatan Larabawa, a Haifa. A ƙarshen Disambar shekarar, 'yan Irgun, wata ƙungiyar Yahudawa mai ɗauke da makamai, suka jefa bam kan leburori Larabawa da ke jiran aiki a ƙofar matatar mai, mutum 6 suka mutu. Nan take ma'aikata Larabawa suka afka wa abokan aikinsu Yahudawa, suka kashe 39. Kashegari da dare dakarun Haganah, babbar rundunar Yahudawa ta lokacin, suka far wa ƙauyen Balad al-Shaikh, inda da yawa daga leburorin matatar ke zaune. Mutanen da jiya suke cin abinci a inuwa ɗaya ke nan.

Sai dai darasin da ya fi tsaya mini a rai ya girmi wannan da shekara goma. A 1936 Falasɗinawa sun yi yajin aikin gama-gari daga Afrilu zuwa Oktoba, wata shida cur, ɗaya daga cikin mafi tsawo da aka taɓa yi a duniya. 'Yan dako da masu kwale-kwale suka rufe tashar jirgin ruwan Yafa ruf. Me ya biyo baya? Shugabannin Yahudawa suka nemi izinin Turawa, suka gina tasu tashar a Tel Aviv, nan kusa, suka zuba nasu ma'aikatan. Da yajin ya ƙare, Yafa ba ta sake komawa yadda take ba.

A nan gizo ke saƙar. Yajin aiki yana cizon wanda ba zai iya yi ba sai da kai ne. A Afirka ta Kudu, zinariyar Turawa ba ta fitowa daga rami sai da hannun baƙar fata, shi ya sa da masu haƙar ma'adinai kimanin 300,000 suka ajiye aiki a 1987, gwamnatin wariyar launin fata ta ji a jikinta. A Falasɗinu kuwa, masana na ɓangaren gurguzu sun daɗe suna nuna cewa ƙasar aka fi buƙata, mutanen da ke kanta kuma ana lallaɓawa da su ne kafin a sami madadinsu.

Bayan yaƙin 1967, da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Gaza, an buɗe wa leburori ƙofa, saboda arharsu. Kafin shekarun 1980 su ƙare, kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan yankunan da aka mamaye a Isra'ila suke samun na tuwo. Kada mu manta, boren farko na Intifada ma daga kan leburori ya tashi: ranar 8 ga Disamban 1987, wata babbar motar Isra'ila ta murƙushe motocin ma'aikata da ke komowa Gaza, mutum 4 suka rasu, sansanin Jabaliya ya kama da wuta. Wannan shi ne lokacin da tauraruwar 'yan gurguzu ta fi haskawa. A cikin ƙungiyoyi huɗu da suka haɗa shugabancin boren a ɓoye, uku nasu ne: PFLP da George Habash ya kafa a 1967, da DFLP ta Nayef Hawatmeh, da jam'iyyar kwaminis, sai Fatah ta Yasir Arafat ta huɗu. Af, Habash da Hawatmeh duk Kiristoci ne, ga wanda ya ɗauka gwagwarmayar ta mabiya addini ɗaya ce. Da takardun da ake rabawa cikin dare ake sanar da ranar rufe kasuwa da ranar ƙin fita aiki. Kwamitocin unguwa suka buɗe makarantu a cikin gidaje, mata suka koma noman kayan miya a bayan ɗaki, mutanen garin Bait Sahur suka ƙi biyan haraji a 1989 har sojoji suka riƙa kwashe musu firji da kekunan ɗinki.

Isra'ila ta ɗauki darasi. Daga 1991 aka ce kowa sai da izininsa na kansa, daga 1993 aka fara rufe iyaka, aka shiga kwaso ma'aikata daga Tailan da Romaniya da Sin da Filifins. Tashar Tel Aviv ce aka sake ginawa, a wata sigar. Haka kuma bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, aka soke yawancin katunan a dare ɗaya, aka tsare dubban leburorin Gaza da yaƙin ya rutsa da su a wurin aiki, sannan a farkon 2024 aka buɗe layin ɗaukar magina a jihohin Haryana da Uttar Pradesh na Indiya. Manyan ƙungiyoyin ƙwadagon Indiya sun yi tir da hakan, amma layin ya cika maƙil, domin can ma yunwa ce ke kora mutane.

Yanzu mu koma kan katin nan. Shekara da shekaru da sunan mai gidan aiki ake fitar da shi, don haka in ya kore ka, izininka ya tafi. Wa zai ɗaga murya a kan albashi ko kan tsanin gini da ke rawa, alhali ya san gobe ba zai tsallake shinge ba? Daga nan kasuwar dillalai ta buɗe, inda lebura ya riƙa biyan shekel (kuɗin Isra'ila) 2,000 ko fiye kowane wata don kawai sunansa ya zauna a takardar wani ɗan kwangila. Dillalan nan kuwa akwai Yahudawa, akwai Falasɗinawa. Ga kuma abin da aka riƙa yanka a albashi daga 1970, har da kuɗin hidimar Histadrut, ƙungiyar da leburan ba ya cikinta, ba ya zaɓen shugabanninta. An yi yarjejeniya a 1995, aka sabunta a 2008, cewa rabin kuɗin zai riƙa zuwa ga babbar ƙungiyar ƙwadagon Falasɗinawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya sa nake sauraron 'yan gurguzun nan da kunnen basira shi ne, ba sa rufa wa na gida asiri. Sun soki yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da shugabannin Falasɗinawa, musamman ƙa'idar tattalin arziki da aka sa wa hannu a Faris a 1994, wadda ta bar shekel a aljihun Bafalasɗine, ta kuma bar wa Isra'ila karɓar kuɗin fito a madadin Hukumar Falasɗinawa. Duk ranar da ta ga dama sai ta riƙe kuɗin, malami da ma'aikacin jinya a Nablus su karɓi rabin albashi. A 2016 dubban malaman makaranta a Gaɓar Yamma suka shiga yajin aiki na kusan wata guda, kuma fushinsu bai tsaya kan hukuma kaɗai ba, har da shugabannin ƙungiyarsu da suke gani 'yan amshin shata ne. Jami'an tsaron hukumar suka kafa shingaye don hana su isa Ramallah. Ka ji fa, wanda ya tashi a gaban shingen mamaya, yau ga shi gaban shingen ɗan'uwa. A Janairun 2019 zanga-zangar ma'aikata ta tilasta wa shugaban hukumar, Mahmud Abbas, jingine dokar asusun fansho, saboda mutane ba su yarda su damƙa guminsu ga hukumar da ba su da tabbacin za ta kai baɗi ba. Bayan wata biyu, matasan Gaza suka fito kan tsadar rayuwa, Hamas ta tarwatsa su da kulake.

To in har ganinsu ya kai haka, me ya sa jama'a ba sa bayansu? A zaɓen majalisar dokokin Falasɗinawa na 2006, cikin kujeru 132, Hamas ta kwashe 74, Fatah 45, PFLP ta tsira da 3, gamayyar DFLP da tsofaffin kwaminis ta sami 2. Suna da uzuri: rushewar Tarayyar Sobiyet ta yanke musu gindi, Isra'ila ta kashe shugaban PFLP Abu Ali Mustafa a ofishinsa a Ramallah a 2001, magajinsa Ahmad Sa'adat kuma yana ɗaure. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fashin jiragen sama na 1970 da hare-hare kan fararen hula sun ja musu sunan da har yau Amurka da Tarayyar Turai ke kiran PFLP da shi, na ta'addanci. Sun rarrabu kan saɓanin da talaka bai san kansa ba. Ƙwararrun matasansu da yawa sun koma ƙungiyoyin agaji masu cin tallafin Turai, wanda a da yake zagaya gidajen leburori da dare ya koma rubuta rahoto cikin Ingilishi. Gurbin da suka bari a unguwa, ƙungiyoyin addini masu asibitin sha-ka-tafi da kwamitin zakka ne suka cike shi.

Akwai kuma gardamar da har yanzu ba su raba ba. A 2007 kotun ƙolin Isra'ila ta yanke cewa dokar ƙwadagon ƙasar ta shafi Falasɗinawan da ke aiki a matsugunai. Wata ƙaramar ƙungiya mai suna Ma'an, wadda ta haɗa Larabawa da Yahudawa, ta riƙe wannan hukunci tana shiga masana'antun Mishor Adumim, a wani matsuguni da ke Gaɓar Yamma, tana nema wa leburori mafi ƙarancin albashi da hutu. Wasu 'yan uwansu a aƙida suka ce wannan gyara wa mamaya zama ne, abin da ya dace a ƙaurace wa matsugunan baki ɗaya. Da kamfanin SodaStream ya rufe masana'antarsa a can a 2015 bayan matsin lambar masu ƙauracewa, an yi murna a Landan, ɗaruruwan magidanta kuma sun koma gida hannu rabbana. Ni dai ban ga yadda wanda ya ƙoshi zai yanke wa waɗannan magidanta hukunci ba, kuma ban ga yadda za a ce masana'anta a kan ƙasar ƙwace alheri ce ba.

Da makamin yajin aiki ya dakushe a gida, sai ya ɓulla a tashoshin ruwan wasu ƙasashe. 'Yan dakon Durban a Afirka ta Kudu sun ƙi sauke jirgin kayan Isra'ila a 2009, suka maimaita a 2021. Na Oakland a Amurka sun ƙi ƙetare layin masu zanga-zanga. Ranar 16 ga Oktoban 2023 ƙungiyoyin ƙwadagon Falasɗinawa suka roƙi takwarorinsu na duniya da kada su ƙera makami, kada su yi dakonsa. Na Beljiyam da na Basalona suka amsa, na kusa da Marsai a Faransa suka ƙi loda kayan bindiga a Yunin 2025, a Italiya kuwa abin da 'yan dakon Jenowa suka faro ya kai ga yajin aikin gama-gari a Satumba da Oktoban 2025. Wannan bai tsayar da yaƙi ba, amma ya taɓa wurin da lebura a Ƙalƙiliya ba zai iya taɓawa ba, domin ɗan dakon Jenowa ba wanda zai soke masa kati.

Shi kuwa birkilan da muka baro a layi, tun da aka soke katinsa yake zaune. Bashin mai kanti ya taru, an sayar da 'yan kunnen uwargida. A al-Ram, arewa da Ƙudus, inda katangar kankare ta kai mita 8, akwai masu kafa tsani da dare su karɓi kuɗi, mutum ya hau, ya sauka da igiya a ɗaya ɓangaren. Wasu sun karye a nan, wasu an harbe su. Wanda ya sauka lafiya sai ya kwana a kangon ginin da yake aiki, mako biyu ko uku, wayarsa a kashe.