Hawan Jinin Ido: Me Ya Sa Yake Bin Dangi?

Akwai gidaje a karkarar Kano da Jigawa da za ka tarar kaka ya makance, uba ya bi sahu, yanzu kuma babban ɗa ya fara cin karo da turmi a tsakar gida. Sai a ce sammu ne. Sau tari kuwa hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gilakoma.

Ga yadda abin yake. A cikin ido akwai ruwan da ke shiga yana fita. Idan mafitarsa ta cushe, sai ya taru ya riƙa danne jijiyar gani. Yawanci ba zafi, ba ja. Ganin gefe ne ke fara tafiya, har mutum ya daina hango akuyar da ta gifta ta gefensa. Yanar ido ana cire ta a warke, amma abin da gilakoma ta ci ya tafi ke nan.

A 1997 masana a Amurka suka gano wata ƙwayar gado mai suna MYOC, wadda ke jawo cutar a wasu zuri'o'i tun da ƙuruciya. Sai dai ga yawancin mutane ba ƙwaya ɗaya ba ce kamar ta sikila. Wani bincike a 2021 ya ƙirga wurare 127 a ƙwayoyin gadonmu, kowanne na ƙara haɗarin kaɗan-kaɗan.

Abin takaici, an daɗe ana wannan aiki a kan Turawa, alhali baƙar fata ta fi kamawa, kuma da wuri. Sai a 2019 wani bincike da ya haɗa da 'yan Najeriya da Gana ya gano wani sauyi a ƙwayar APBB2 da ke da alaƙa da cutar a jinin 'yan Afirka. Ƙidayar makanta ta Najeriya, daga 2005 zuwa 2007, ta nuna kusan mutum ɗaya cikin 20 masu shekara 40 zuwa sama na ɗauke da gilakoma, mafi yawansu ba su sani ba.

To, Malam, in Baba ko Inna ko yayanka na da ita, kada ka jira gwajin ƙwayar gado. Je a auna ƙarfin ruwan idonka, a leƙa jijiyar, a sashen ido na babban asibitinku ko asibitin ido na ECWA a Kano. In an kama ta da wuri, maganin ɗigawa kullum ko tiyata na iya tsare ganin da ya rage.