Dawa Tukuna, Sannan Teku: Haɗa Serengeti da Zanzibar a Hutu Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Paje nake yi muku magana yau, a gabashin tsibirin Zanzibar. Iskar da kuke ji tana bugun makirfo, ku yi haƙuri da ita, lokacinta ne. Tun da na fara nuna muku hotunan Serengeti, babban gandun namun dajin nan na Tanzaniya, tambayar da ake ta yi mini ita ce ko mutum zai iya haɗa kallon namun daji da hutun bakin teku a tafiya ɗaya. Zai iya mana. Sai dai a fara da dawa, a ƙare da teku. Wanda ya juya jeren nan zai koma gida a jigace.

Dalilin kuwa, yawon dawa aiki ne. Tun kafin gari ya waye ake tashinka, domin zaki da damisa da sanyin safiya suke motsi, rana na ɗagawa sun shige inuwa sun miƙe ƙafa. Ka wuni cikin Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa, kana tsaye kana riƙe da ƙarfe, hanya tana jijjiga ka, ƙura tana shiga har cikin kunne da jakar kyamara. Ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Da dare, idan a tanti kake kwana, ba ka zuwa ɗakin cin abinci kai kaɗai, sai mai gadi ya raka ka da tocila, galibi Bamasaye ne, wato ɗan ƙabilar Masai. Ka kwanta kana jin kukan kura a bayan zanen tantin. Akwai daɗi ƙwarai, amma bayan kwana uku ko huɗu jiki zai nemi hakkinsa. A nan ne teku yake amfani.

To, a wane wata za a zo? Wannan shi ne abin da ya kamata a fara yankewa, tun kafin a taɓa maganar tikiti. A Tanzaniya ruwa mai yawa yana sauka daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, sai wani ɗan gajere wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne, ciyawa ta gajarta, dabbobi suna taruwa a bakin ruwa, ganinsu ya fi sauƙi. Zanzibar ma a lokacin babu zafi mai tsanani. Afrilu dai ni ba zan ba kowa shawara ba, wasu masaukan ma rufewa suke yi.

Sai maganar ƙaurar nan da kowa yake son gani. Akwai wata dabba mai ƙaho da gemu da mutanen nan suke kira nyumbu, sun haura miliyan ɗaya, suna zagaye tsakanin Serengeti da Masai Mara ta Kenya tare da dubban ɗaruruwan jakunan dawa. Ba wuri ɗaya suke zama ba, ruwan sama da ciyawa suke bi. Idan haihuwarsu kake son gani, ka zo wajen Fabrairu ka nufi kudu, yankin Ndutu. Ɗan nyumbu yana faɗowa ƙasa, cikin 'yan mintoci ya miƙe yana bin uwarsa, kuraye kuma suna gefe suna lissafi. Idan kuwa tsallaka kogin Mara kake so, wanda kada ke jiransu a ciki, to daga Yuli zuwa Oktoba ne, can arewa wajen Kogatende. Kuma kada wani ya yi maka alkawarin ranar da za su tsallaka. Na ga garke ya taru a bakin gaɓa, na gaba ya leƙa ruwa, ya ja da baya, ya sake leƙawa, motoci sun yi jerin gwano an kashe inji ana jira. Can sai guda ɗaya ya juya, duk suka bi shi suka koma cikin daji. Direbanmu ya yi dariya ya tayar da mota. Shi ya saba.

Abin da mutane suke mantawa a lissafi shi ne nisa. Serengeti ta kai murabba'in kilomita 14,750. Daga Arusha, inda yawancin tafiye-tafiyen suke farawa, zuwa Seronera a tsakiyar dajin, wuni guda ne a mota, kuma kwalta tana ƙarewa ne a ƙofar Ngorongoro, yankin kare namun daji da ake ratsawa kafin Serengeti, daga nan sai burji. Ga wani abu kuma: ko wucewa kawai za ka yi ta Ngorongoro, sai ka biya kuɗin shigarta daban, da tafiya da dawowa. Shi ya sa na fi son a shiga da mota, a fita da jirgi. A shiga ta gandun Tarangire a ga giwaye a gindin manyan bishiyoyin kuka, a kwana a bakin ramin Ngorongoro, a sauka cikinsa da sassafe, sannan a wuce Serengeti. Idan an gama, a hau ƙaramin jirgi daga Seronera ko Kogatende zuwa Zanzibar, ba sai an sake cin ƙurar da aka riga aka ci ba.

Ramin Ngorongoro kuwa ya cancanci wuni guda cur. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya rufta, zurfinsa kusan mita 600, faɗin ƙasansa wajen murabba'in kilomita 260. A nan ne aka fi sa ran ganin baƙin karkanda, ko da daga nesa ne. Ku riƙo rigar sanyi mai kauri. Bakin ramin ya haura mita 2,000 daga matakin teku, da asuba haƙora har kaɗawa suke yi. Mutum ya ji an ce hutun bakin teku, ya cika jaka da ƙananan kaya, ya zo nan ya raina kansa.

Tunda an zo kan jaka: ƙananan jiragen nan kilo 15 suke yarda da shi, kuma jaka mai laushi, ba akwati mai tayoyi ba. Kayan dawa su zama ruwan ƙasa ko ruwan toka. A guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin su ne suke jawo ƙudan tsando, cizonsa kuwa yana ratsa riga. An hana ledar cefane a Tanzaniya tun Yunin 2019, kada a cusa ta a kaya. Masu ɗaukar bidiyo irina, jirgin kyamara marar matuƙi ba ya tashi a gandun daji sai da izini. Takardu kuma a duba da wuri: ba kowane fasfo ake buga wa biza a filin jirgi ba, wasu sai an nema ta intanet an jira amsa. Wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar shawara, za a nemi katin rigakafinsa. Zanzibar tana da nata sharaɗin, tun Oktoban 2024 baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a ga likita kafin a taso.

Yanzu bari in juya kyamara ku ga abin da ya sa na zaɓi yin wannan magana daga Paje. Kun ga inda ruwa yake? Can nesa, inda farin layin nan yake. Da safe a nan inda nake tsaye yake. A gabashin tsibirin nan, Paje da Jambiyani da Matemwe, teku yana janyewa ɗaruruwan mitoci sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Matan da kuke hange sun sunkuya cikin ruwa iya ƙauri, ciyawar teku suke nomawa. Suna kafa turaku, su ɗaura igiya, su ɗaure 'yan rassan a jiki, idan ta yi su kwashe su shanya a sayar. Ni wannan ya fi burge ni fiye da kwanciya a kan kujera. Amma wanda ya zo don iyo a duk lokacin da ya ga dama, ko yana tare da yara, to ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwa ba ya gudu sosai, kuma rana a kan teku take faɗuwa. Sai dai can akwai cunkoso da kiɗa. Kowa ya san halinsa, ya zaɓa. Idan za ka taka cikin wannan fili da ruwa ya bari, sa takalmin roba, akwai wasu halittu masu baƙar ƙaya a tsakanin duwatsu.

Kada a cika kwanakin teku da yawace-yawace. Za a yi ta tallata maka gonar kayan ƙamshi, dajin Jozani mai jajayen birai, manyan kunkuru a tsibirin Changuu, kallon kifi a Mnemba. Zaɓi ɗaya ko biyu. Idan ka karɓe su duka, ka sake buɗe wani yawon dawan ne a bakin ruwa. Tsohon birnin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, a bar shi ya zama daren ƙarshe, tunda yana kusa da filin jirgi. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, a cikin gari a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, wuraren cin abinci da dama ba sa buɗewa da rana.

Wanda kwanakinsa ba su kai goma ba, ni dai sai in ce ya haƙura da Serengeti a wannan karon. Gandun Nyerere, wanda aka yanko daga gandun Selous a 2019, bai kai awa ɗaya a jirgi daga Darussalam ba, kuma a can ana shiga kwalekwale a kogin Rufiji a ga dorina da kada kusa-kusa. Akwai kuma Saadani, inda daji ya taɓo bakin teku. A Kenya ma ana yin irin wannan haɗin: jirgin ƙasan Nairobi zuwa Mombasa, wanda ya fara aiki a 2017, yana ratsa gandun Tsavo, daga Mombasa kuma a gangara bakin tekun Diani.

Gobe in Allah Ya kai mu zan bi matan nan cikin gonarsu idan sun yarda in ɗauka, sai in nuna muku yadda ake ɗaurin. Sai mun haɗu, a huta lafiya.